Allon Saura-ƙiris Mai Gida Shida

Shekara ashirin da shida ya yi yana aiki a babban asibiti, kuma tun ranar da ya ajiye aikin ya dawo layinmu kunnuwanmu ba su sake hutawa ba. Ko sannu ka ce masa sai ya jawo maka labarin ɗakin likitan ƙwaƙwalwa, yadda shi da likita suke sallamar mutum ɗari kafin rana ta take, yadda likitan ba ya sa hannu a takarda sai ya ɗago ya dube shi tukuna. Ƙarshen maganar kullum ɗaya ne, wai ba don maƙiya ba saura ƙiris ya zama likita. Da haka sunan ya bi shi, har matarsa in ta leƙo nemansa Saura-ƙiris take cewa. Babu wanda ya taɓa tambayarsa ainihin aikin da yake yi a ɗakin, don wanda ya yi masa tambaya ɗaya ya sayi tsayuwar awa biyu.

Ni gyaran takalma nake yi, rumfata tana manne da shagon Tela, saboda haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi. Tela mijin ƙanwar Saura-ƙiris ne, mutum ne marar hayaniya, wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Matar Tela kuwa a hannun wannan yayan nata ta tashi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya sa ko baƙi ya kira fari sai dai ta ce, "Haka ne, Yaya." Wannan kunyar ta mutum biyu ita Saura-ƙiris ya samu ya shimfiɗa tabarmarsa a kai.

Wata safiya muka gan shi ya cicciɓo ƙyauren ɗakin ajiyar gidansa, ya shafe shi da baƙin fenti, ya jingina a bakin shagon Tela inda akwai inuwa da benci. Ya ɗauki alli ya raba ƙyauren gida shida. Ya sanar da mu cewa daga yau babu ɗan layin nan da zai sake bin layin asibiti saboda ciwon kai, domin ya gano abin da likitoci suke ɓoye wa talaka. Wai shekara ashirin da shida yana kallo, babu mai ciwon kan da ya taɓa shigowa ba tare da hannunsa yana dafe da wani wuri ba, kuma inda hannun yake nan cutar take. Na goshi gidansa daban, na ƙeya daban, na ɓarin dama, na ɓarin hagu, na tsakar ka, sai na bayan ido. Kowane gida ya rubuta masa dalilinsa da maganinsa a ƙasa. Ya sa wata farar riga da ya baro asibiti da ita, ya rataya tef ɗin Tela a wuya, ya soka 'yar tocila a aljihu. Yana da kuma tambayoyi tara da ya ce daga bakin likita ya haddace su, a jere, kuma wanda ya katse shi sai an koma ta farko.

Mai aski ne ya fara faɗawa hannunsa. Ya zo dafe da goshi, aka auna kansa da tef kamar za a ɗinka masa hula, aka yi masa tambayoyi tara, aka sa shi a gida na ɗaya, wato ciwon yawan surutu. Magani shi ne ya kame bakinsa kwana uku. Mai askin da ba ya magana kuwa wa zai zauna a kujerarsa? Kwana biyu shagon ya yi kamar gidan makoki, sai a na ukun matarsa ta lura tabaran da ke fuskarsa na wansa ne, sun yi musanya ba su sani ba. Da aka kawo wa Saura-ƙiris labari ya ce ai shirun ne ya ba matar damar kallon fuskar mijinta, saboda haka allo ya yi gaskiya.

Sai Mai guga, wanda yake aiki da dutsen gawayi a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. Shi ƙeya ya dafe. Allo ya ce iska ce take shiga ta bayan wuya, a rufe taga, a naɗe wuya da tawul. Bawan Allah ya koma ya toshe tagar da kwali, ya hura gawayinsa, ya naɗe wuya kamar mai mura. Kafin azahar Direba, mai motar ɗaukar kaya da ke fakawa a bakin layi, ya je karɓar rigarsa ya tarar da shi kwance a kan tulin wanki, dutsen guga yana cin rigar. Da ƙafa ya jawo shi waje, aka yi ta yi masa fifita har ya farfaɗo.

Direba ya zo bakin allo riƙe da rigarsa mai huji, ya tambaya wane gida za a sa wannan.

"Shi ya dafe inda ba nan ba," in ji Saura-ƙiris. "In mutum ya yi wa allo ƙarya, laifin allo ne?"

"To, a ƙara gida na bakwai, a rubuta na waɗanda suka zo wurinka."

"Kai da ko takardar magani ba ka iya karantawa ba."

"Ban iya ba, shi ya sa har yau ban kashe kowa ba."

Muka yi dariya, shi kuwa ya gyara zaman tef a wuya ya ce hassada ga mai rabo taki ce. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Mu ma da muke dariyar ba mu ce a ɗauke allon ba, don gaskiya nishaɗi muke samu kyauta, kuma a lokacin ba mu ga abin da zai ci mana ba.

Ran wata Asabar da hantsi, Tela ya sunkuya zai ɗaga kan keken ɗinki ya sa masa mai, sai muka ji ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Na leƙa na gan shi durƙushe, hannu biyu a kai, yana waiwaye yana neman wanda ya maka masa taɓarya a ka. Babu kowa a bayansa sai rigunan da ke rataye. Matarsa ta fito da gudu daga cikin gida, hannunta duk kumfar sabulu. Mutumin da ko allura ta huda masa yatsa ba ya cewa uffan, ga shi yana cewa tunda aka haife shi bai taɓa jin ciwo irin wannan ba.

Saura-ƙiris ya miƙe fuskarsa har sheƙi take. Abin nema ya samu, ga majiyyaci na gaske, ga jama'a sun taru. Ya sa aka zaunar da Tela a benci yana fuskantar allo, ya ce kowa ya matsa baya a ba ilimi wuri. Sai dai tun a matakin farko aka samu cikas, domin Tela ya rungume kan gaba ɗaya da hannu biyu, kuma allon ba shi da gidan hannu biyu.

"Saki hannu ɗaya," ya ce.

"Yaya, duka ne."

"Babu duka a allo. Zaɓi wuri."

Tela ya saki hannun dama, kafin a ƙifta ido ya mayar. Saura-ƙiris ya ce to hagu ne ya rage, na ɓarin hagu ke nan, ya ɗaga alli ya yi alama, sai Tela ya saki na hagun ya damƙi ƙeya. Aka goge. Aka ce ya sunkuyar da kai ya dubi gidajen ƙasa ya nuna wanda ya fi kama da nasa, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, ya sandare kamar icce. Saura-ƙiris ya juyo ya bayyana mana cewa wannan wuyan teloli ne, duk mai zama a kan keke haka wuyansa yake, ba ya cikin lissafin allo.

Matar Tela ta matso a hankali ta ce, "Yaya, ko mu kai shi asibiti?"

"Asibitin da na baro? Me za su yi masa wanda ba a gabana aka koya musu ba?"

Ta koma gefe tana murza hannu a zane. Aka fara tambayoyi tara. Ko haske yana damunka, ko ka ci abinci, ko a danginku akwai mai irinsa. A ta huɗu Mai aski ya ce mutumin nan fa gumi yake, aka koma ta farko. A ta shida Direba ya ce motarsa tana nan a kunne, aka sake komawa ta farko. Da aka zo gwajin haske ya dalla masa tocila a ido, Tela ya yi ƙara ya kife fuska a cinyar matarsa, shi kuwa ya gyaɗa kai ya ce yanzu magana ta fara fitowa, na bayan ido ne. Ya zaro wata farar ƙwaya daga aljihu, irin wadda yake ba kowa, ya tura masa a baki da ruwa. Ƙwayar ba ta kai ciki ba Tela ya kelaya amai, tun daga tef har aljihun farar rigar.

Nan fa hankalin Saura-ƙiris ya tashi, amma a kan riga. Ya tuɓe ta ya miƙa wa Mai guga ya ce a ɗauraye maza, aiki ba ya yiwuwa babu ita. Mai guga ya ce shi ya daina taɓa duk abin da ya fito daga wannan benci. Suka tsaya cacar baki, rana tana ta yin sama, inuwar shagon tana janyewa daga kan majiyyaci. Da ya ga ba mai wankewa ya mayar da ita haka nan, ya tsaya gaban allo yana shafa gemu, can ya sanar da cewa Tela ya kawo sabon nau'i wanda ko likitoci ba su sani ba, za a buɗe masa gida na bakwai. Sai alli ya ƙare. Ya ce a jira, zai je gida ya ɗauko wani.

Kusan awa biyu ke nan da faɗuwar Tela. Ni na ga lokacin da ya ɗago ya dubi matarsa ya tambaye ta ko an buɗe shago, maganar tana fita a karkace kamar ta mai maye, hannun damansa ya zame daga kai ya faɗi a benci bai ɗago shi ba. Tsoro ya kama ni, kuma kunya ta kama ni, don tun ɗazu ina tsaye da takalmin wani a hannu ina kallo kamar wasa ake.

Matar Tela ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ta wuce yayanta, ta kama allon da hannu biyu ta kwantar da shi a ƙasa, rubutu yana sama. Ta dubi Direba da Mai aski da ni ta ce mu ɗora shi.

"Ke, kin san abin da kike gogewa?" in ji Saura-ƙiris.

"Matsa, Yaya."

"Ni kike ce wa in matsa? Ni da na riƙe ki tun kina..."

"Ka riƙe ni, na gode. Matsa."

Muka kwantar da Tela a kan gidaje shida, muka ɗauka mu huɗu har da Mai guga, muka zura shi a bayan motar Direba. Saura-ƙiris ya ɗane gaba ba wanda ya gayyace shi, wai in ba shi ba babu mai sauraronmu a can. Duk hanya yana gaya wa Direba inda zai bi, Direba yana bin inda ya ga dama. Rabin 'yan layi suka biyo mu a tasi biyu, wasu don Tela, wasu don su ga yadda za a tarbi babban mutum a tsohon wurin aikinsa.

A ƙofar sashen gaggawa Saura-ƙiris ya riga kowa sauka, ya gyara rigar da amai ya bushe a kai, ya ɗaga hannu yana cewa a ba da hanya, a kira masa babban likita. Wata tsohuwar nas mai furfura ta fito tana jan gadon marasa lafiya mai taya, ta dube shi sama da ƙasa.

"A'a, Mai-keke, kai ne? Ka zo a daidai, yau ba mu da mai turi. Kama nan."

Kafin bakinsa ya samo amsa hannuwansa sun riga sun kama ƙarfen gadon. Aka zame Tela daga allo zuwa gado, sai ga Saura-ƙiris yana turi, yana kauce wa rami a siminti tun kafin ya iso shi, yana danna tayar hagu da ƙafa a kwana don ya san tana cijewa, yana buɗe ƙofa da kafaɗa ba tare da gadon ya girgiza ba. Tun da na san shi ranar ce kaɗai na ga yana yin abin da ya iya. Mai aski ya raɗa mini, ashe tura keken marasa lafiya ne aikinsa, wannan ne sallamar mutum ɗari kafin rana ta take.

Likitar da ta zo yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yar Saura-ƙiris ba. Ba ta kalli inda hannun Tela yake ba. Ta tambayi matarsa abu ɗaya, ciwon a hankali ya taso ko lokaci guda ya sauko da dukan ƙarfinsa. Matar ta ce lokaci guda, kamar an buge shi. Likita ta tambaya ƙarfe nawa, da ta ji amsa ta dubi agogon bango ta ciji leɓe, ta taɓa wuyansa, ta ce a wuce da shi ɗakin hoton kai yanzu, da gudu.

Ko a nan bakin Saura-ƙiris bai mutu ba. Ya ce a yi haƙuri, shi ya yi aiki da wanda ya koyar da masu koyar da ita, kuma wannan tambayar ba ta cikin tara.

Tsohuwar nas ta amsa masa a gaban 'yan layi kaf, ba tare da ta daina tafiya ba. "Goma ne, Mai-keke. Ita ce ta farko. Kai kana ajiye mutum muke aikenka ɗauko fayil, kafin ka dawo an wuce ta. Shekara ashirin da shida, ba ka taɓa tambayar kanka me ya sa wani in ka dawo da fayil sai ka tarar likita a tsaye yana cewa ka tura da gudu ba? Tura."

Ya tura, da gudu kuwa. Mu muka tsaya a baranda da allon jingine a bango, ya koma baƙin ƙyaure, babu abin da ya rage sai dusar alli. 

Hoto ya nuna wata jijiya ce ta fashe jini ya zuba a cikin kai. Kafin a shiga da shi tiyata likita ta fito ta tambaya ko an ba shi wani magani a gida. Saura-ƙiris ya zaro sauran ƙwayoyin yana ɗan murmushi, da alama yana jiran yabo. Ta karanta bayan takardar ta ce wannan tsinka jini take yi, mai zubar jini a ka ba a ba shi ita. Da aka gaya mata ya amayar, ta ce to duk cikin abin da aka yi a bakin shagon nan, aman ne kaɗai ya yi wa majiyyacin amfani. Ta ce ciwon kan da ya sauko lokaci guda irin haka ba a zama tantance shi a benci, mota ake nema.

Tela ya rayu, Allah ya sa da sauran shan ruwa. Sati uku ya yi a kwance, ya dawo da rabin kai a aske da hannun dama mai rawa. Ƙafarsa tana taka keke kamar da, idonsa yana gane layin ɗinki, amma ya riƙe zare ya zura a allura ya gagara. Na gan shi ranar farko ya yi ta gwadawa har zaren ya jiƙe da yawu, ya ajiye ya juya fuska bango. Ko awa biyun nan ne suka ci hannun, ko da ma zai tafi, likita ta ce ba za ta iya rantsuwa ba. Matarsa ba ta sake tambayar kowa ba.

Ƙyaure ya koma ɗakin ajiya. Rigar da Tela ya sa ranar kuwa, wadda gidaje shida suka fito a bayanta da alli, rubutun a juye, matarsa ta ƙi wanke ta. Ta rataye ta a ƙusa daidai saitin benci, inda mai zama a wurin ba shi da abin kallo sai ita. Mai zaman kuwa Saura-ƙiris ne, tun buɗe shago har rufewa, babu farar riga, babu tocila, tef ya koma wuyan mai shi.

Hali dai zanen dutse ne. Shekaranjiya wata mata ta wuce dafe da goshi, na ga ya bi ta da ido, ya karkato wajena yana raɗa cewa da an bar shi ya ɗauko allin nan, da gida na bakwai ya... Bai ƙarasa ba keken ɗinki ya tsaya, zare ya fita daga allura. Tela ya buɗe baki zai ce Yaya, matarsa ta riga shi daga bakin ƙofa, ko kallon bencin ba ta yi ba.

"Mai-keke, zo ka zura."

Ya tashi ya je ya zura.